Yadda za ku shirya yaro a gida in an zaɓe shi konkur na lissahi

Ɗiyata tana CM2 nan Tawa, bara mushensu ya sa ta cikin yaran da za su yi konkur na kalkil tsakanin lakwal-lakwal na gari, sati shidda muka samu na shiri kuma abin da na gani cikin kwanakin nan shi nike son in gaya ma uwaye ƴan uwana.

Ku hwara da gane inda yaron ke tuntuɓe. Ni na ɗauka tabul na ninkawa ne matsalarta, ashe Faransancin ne. Za ta karanta tambaya ta ga "de plus que" ko "la moitié" sai ta hau tara lambobi ba ta ma san mi aka tambaye ta ba. To sai na ce kada ta taɓa ardwazi sai ta mayar mini da tambayar da Hausa, kamar labari take ba ni. In yaro ya kasa hwaɗin tambaya da bakinshi to bai gane ta ba, ko da amsar ta hito daidai sa'a ce.

Tabul kam sai hadda, har na 9, minti goma da sahe ya isa. Amma ku haɗa da kuɗɗi, yaranmu duk sun iya lissahin dala tun ba su shiga lakwal ba. Ka ce mishi dala 35 sefa nawa ne, ai ninkawa ne da 5, ka nuna mishi gajeriyar hanya: ya ƙara sihiri ya zama 350, ya raba biyu, 175. In kin aike shi kasuwa da jikka guda sayen albasa da tumatur ki ce ya gaya miki canji tun kahin mai kaya ya buɗe baki.

Abin da ya hi mini wuya shi ne yin shiru. Na ba ta wagga: a garke akwai kaji da awaki, kawuna 10, ƙahwahu 28, awaki nawa ne? Ta zauna bisa tabarma tana goge ardwazi da gehen zane, har hawaye sun taru, uwarta na ce mini Malam ka gaya mata mana yarinya ta gaji. Ban gaya mata ba, na ce dai ki zana. Ta zana kawuna goma ta ba kowane ƙahwa biyu, ta ƙirga 20, ta ga saura 8, ta shiga ƙara bibbiyu har suka ƙare bisa kai na huɗu, sai ta ɗago tana murmushi ta ce Baba huɗu ne. Wallahi da na gaya mata da gobe ta manta. Ko a babbar gasar lissahi ta duniya da aka hwara 1959 a Rumaniya tambaya shidda kaɗai ake ba su cikin kwana biyu, awa huɗu da rabi kowace rana, zaman tunani ake gwadawa.

Ku ba su hatimi ma, gida tara, a jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi tsaye da kwance da karkace zai ba da 15. Wannan ilimin namu ne, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashnawi bahillacen Katsina ya rubuta littahi kanshi, ya rasu a Alƙahira 1741, ɗiyata da ta ji haka sai ta ƙi tashi har ta gano 5 ne ke zama tsakiya.

Ku sa yaro ya saba duba aikinshi da preuve par neuf ɗin da ake koya musu, wato a tara lambobin kowane adadi har su koma lamba guda, a gani ko lissahin ya dace da amsar. 47 sau 23 ya ba 1081: 47 ya koma 2 (4 da 7 11, 1 da 1 2), 23 ya koma 5, biyu sau biyar 10 wato 1, shi ma 1081 ya koma 1. Sai dai in ya juya lambobi ya rubuta 1801 ba za ta kama shi ba, ya sake dubawa da ido.

Satin ƙarshe ku roƙi mushe tsohin tambayoyi, ku aje agogo, tambayar da ta ƙi ya tsallake ta ya dawo daga baya. Bayan la'asar ya hi, rana ta yi sanyi kuma ba ruwanku da ɗaukewar wuta. Daren konkur a ruhe kaye, a sa bik biyu da kirayo da regil cikin jaka, ya kwanta da wuri, da sahe ya sha kunu kahin ya hita.