Rana ta uku ce alƙali: kurakuran masu shirin doguwar tafiya a ƙasa ko a keke

Yawancin masu shirin bin doguwar hanyar da aka keɓe wa 'yan keke da masu tafiya a ƙasa, a zaune suke shirinsu, ga taswira a waya, jiki a huce, ciki a ƙoshe. Mutumin da ya tsara tafiyar daban, wanda zai tashi da asubar rana ta uku cinyoyinsa na ciwo, tafin ƙafarsa ya yi bororo, shi ma daban. Kusan duk kuskuren da na sani daga nan yake tasowa: an yi wa na farkon lissafi, an manta da na biyun.

Babban cikinsu shi ne ƙidayar kilomita kawai. Mutum ya taɓa yin kilomita 30 a wata Asabar, sai ya ɗauka zai iya jera kwana goma yana yin haka. Ga kuma hawa, wanda taswira ba ta cika nuna shi ƙarara ba. Tun a 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya bar wa matafiya ma'auni mai sauƙi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. A gwada shi a kan zangon farko na Camino Francés, shahararriyar hanyar masu ziyarar ibada zuwa birnin Santiago de Compostela, daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa zuwa Roncesvalles a Sifaniya. Kusan kilomita 25 ne, da hawan da ya haura mita 1,200. Awa bakwai ke nan, ba a sa hutu ba, ba a sa cin abinci ba, ba a sa nauyin jaka ba. Gyaran ba wuya. Ka rage kwanaki biyun farko su zama gajeru har ka ji kamar kana wasa, ka ware ranar hutu guda a kowane mako, sannan kafin tafiya ka gwada kanka kwana biyu a jere da kayanka a baya. A jere fa, domin kwana ɗaya ba ya faɗin gaskiya.

Sai takalmi. Hausawa sun riga sun gama magana, ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon takalmi, komai tsadarsa, sai ya ci makonni a ƙafarka kafin ku saba. Ƙafa kuma tana kumbura in tafiya ta yi nisa, don haka wanda ya zauna maka cif a shago zai matse ka a hanya. Safar auduga tana riƙe gumi, damshi da gogayya kuwa su ne uwa da uban bororo. Da zarar ka ji wani wuri ya fara zafi, tsaya nan take ka liƙa filasta, kada ka ce sai an kai zango. Ɗan keke ma yana da irin tasa: sabon sirdi. Wanda bai taɓa yin awa biyar a kan sirdi ba, ba zai gane abin da nake nufi ba sai ya zo zama washegari.

Akwai kuskuren da ya fi damun 'yan keke, wato ɗaukar cewa duk hanyar da ta amsa suna "hanyar keke" shimfiɗaɗɗiyar kwalta ce. Ga misali daga Amurka. Daga Pittsburgh zuwa Cumberland akwai Great Allegheny Passage, kusan kilomita 240, tsohon layin dogo ne aka mayar hanya, galibinta niƙaƙƙen dutse ne da aka daddaɓe, hawanta kuma a hankali yake domin jirgin ƙasa ba ya hawa tudu mai tsini. Daga Cumberland zuwa Washington sai a shiga gefen tsohuwar mashigar ruwa ta Chesapeake and Ohio, kusan kilomita 300, inda ƙasa da tsakuwa suka fi yawa, in an yi ruwa wasu wuraren su koma taɓo. Mutane da yawa suna haɗa su a tafiya ɗaya. Siririyar tayar tsere da za ta yi maka daɗi a kwalta, a nan wahala za ta ba ka. Nemi taya mai faɗi, kuma ka rage kilomitan da ka sa wa ranakun da za ka bi ta ƙasa da tsakuwa. Abin dariya, sai ka ga mutum ya sayi kayan faci da famfo da tiyub, amma bai taɓa cire tayar baya da hannunsa ba. Koyi a tsakar gida, inda in ka kasa ba abin da zai same ka.

Kaya kuwa, tsoro ne ke cika jaka. "Ko da za a buƙata" ita ce kalmar da ta fi kowace nauyi. Masu bin Camino suna yawan ba da shawarar kada jakar goyo ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinka. Ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ruwa ba abin ragewa ba ne. Tufafi ne abin ragewa: na jiki, na canji, da rigar ruwa.

Wani abin da ake raina shi ne kalanda. Hanyoyin nan ba kullum suke a buɗe ba. Hanyar tudu da ake kira hanyar Napoleon, wadda ke fita daga Saint-Jean zuwa Roncesvalles, a rufe take daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, sai dai a zaga ta ƙauyen Valcarlos. A Great Allegheny Passage ana rufe ramin Big Savage, inda hanyar ta ratsa ta cikin dutse, da hunturu, zagaye shi kuma ba sauƙi. Ambaliya da gyaran gada ma kan datse wani yanki ba zato. Shafin hukumar da ke kula da hanyar shi ne wurin dubawa, mako guda kafin tashi, ba labarin wanda ya bi ta shekara biyar da suka wuce ba. Alkibla ma abin dubawa ce. Yawancin masu bin gaɓar kogin Danube daga Passau a Jamus suke farawa su nufi Vienna a Austria, kimanin kilomita 320, suna bin gangaren ruwa, iskar yamma kuma sau da yawa tana bayansu.

Game da masauki, ra'ayina ya saɓa da na masu kama ɗaki na kowane dare tun daga gida. In ka ɗaure kanka haka, ranar da gwiwa ta ƙi, ko dai ka yi asarar kuɗi ko ka yi wa jikinka dole. Na fi son a kama na daren farko da na ƙarshe, da na wuraren da aka san ana cunkoso, kamar ƙarshen Camino Francés, daga garin Sarria zuwa Santiago, inda jama'a ke yin yawa saboda takardar shaidar kammala ziyara, wato Compostela, tana buƙatar aƙalla kilomita 100 a ƙasa, ko 200 a keke. Sauran a riƙa kamawa kwana ɗaya gaba.

Irin waɗannan hanyoyi miƙaƙƙu ne, ba zagaye ba, don haka inda ka ƙare yana nesa da inda ka fara. Ba kowane jirgin ƙasa ko bas ke ɗaukar keke ba, wasu sai an kama masa gurbi tun da wuri, wasu sai an kwance shi an sa a kwali. Tikitin dawowa shi ya kamata ka fara bincika, tun kafin na zuwa.