Ku gwada shafin a cikin rana

'Yan uwa masu koyon tsara shafin intanet, idan kun gama aiki a kwamfuta, ku buɗe shi a ƙaramar waya, ku fita waje da tsakar rana. Ranar Sakkwato ba ta ɓoye aibi: rubutu ruwan toka a kan fari ɓacewa yake yi ɓat. Ƙa'idar WCAG, wato jagorar tsara shafukan intanet yadda kowa zai iya amfani da su, ta ce bambancin hasken rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1. Shawarata kuma, girman harafi kada ya gaza fiksel 16 (fiksel shi ne ɗan ɗigon da ake auna girma da shi a allo).

Don Allah ku duba ko salon rubutun yana fitar da ƙ, ɗ da ɓ daidai. Wasu ɗan akwati kawai suke nunawa, abin yana ci mini rai. Launi biyu ko uku sun wadatar.