Kurakuran da aka fi yi wajen sauke babbar manhaja da haɗa filashin ɗora ta

Sau da dama, matsalar da ake cin karo da ita wajen ɗora wa kwamfuta sabuwar babbar manhaja, Windows ce ko Ubuntu ko Linux Mint, tun daga inda aka samo fayil ɗin ISO, wato fayil ɗaya da ke ɗauke da dukkan manhajar da za a ɗora, take farawa. Mutum zai rubuta sunan manhajar a Google, ya danna duk abin da ya fara fitowa, ko kuma ya karɓi wani kwafi da aka ce "an riga an buɗe shi, ba sai ka sayi lasisi ba". Wanda ya iya cire makullin lasisi ai ya iya cusa abin da ya ga dama a ciki. Kuma babbar manhaja ba kamar sauran ba ce: idan ita ce gurɓatacciya, duk wani riga-kafin da ka ɗora daga baya a kanta yake zaune. Ka rubuta adireshin masu manhajar da hannunka, microsoft.com ko ubuntu.com ko linuxmint.com, ka sauke daga can.

Ko hakan ma bai wadatar ba. A ranar 20 ga Fabrairu 2016 wasu sun kutsa shafin Linux Mint, suka karkatar da masu sauke Mint 17.3 Cinnamon zuwa wani kwafi da aka dasa wa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar da masu kutse za su riƙa shiga kwamfutar. Waɗanda suka sauke a ranar ba su yi ganganci ba, shafin gaskiya suka je. Shi ya sa ake tantance fayil bayan an sauke shi, matakin da kusan kowa ke tsallakewa don gaggawa.

Masu manhaja sukan wallafa lambar SHA256 ta kowane ISO, jerin haruffa da lambobi 64 da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil ɗin. Ko ɗigo ɗaya ya sauya, lambar gaba ɗaya za ta bambanta. Don lissafo ta fayil ɗinka, a Windows ka buɗe PowerShell, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta Get-FileHash sannan sunan fayil ɗin. A Linux sha256sum ne, a Mac kuma shasum -a 256. Ka gwada abin da ya fito da wanda aka wallafa, duka, ba haruffa huɗu na farko kawai ba. Wannan yana kama fayil ɗin da intanet ta yanke masa hanya, wanda kan sa ɗorawa ta maƙale a tsakiya ba tare da wani bayani ba. Sai dai wanda ya iya sauya fayil a shafi yana iya sauya lambar da ke gefensa. Don haka Ubuntu ke ajiye SHA256SUMS tare da SHA256SUMS.gpg, wato sa hannun da ke nuna daga wurinsu lambobin suka fito. Tantance shi da gpg, manhajar duba irin wannan sa hannun, yana da ɗan wuya a karon farko, amma ni dai ban ga dalilin barinsa ba in kwamfutar ta harkar kuɗi ce.

Af, kalmar amd64 a sunan fayil kada ta ruɗe ka. Ta kwamfutoci masu injin Intel ce da masu na AMD duka. Arm64 ce ta daban.

Sai batun filashi. Kwafe ISO ka jefa a ciki kamar hoto ba zai sa kwamfuta ta tashi da shi ba, sai fa in ka riga ka shirya filashin da manhajar Ventoy, wadda aikinta ke nan. In ba haka ba, ka yi amfani da manhajar rubuta ISO a filashi, kamar Rufus ko balenaEtcher, ko Media Creation Tool na Microsoft da ke buƙatar filashi mai aƙalla 8GB. Dukkansu za su share abin da ke ciki tas, don haka kwashe kayanka tukuna, kuma ka zare duk wani faifan ajiya da ke jone kafin ka danna komai. Masu amfani da dd a Linux, umarnin da ke rubuta ISO kai tsaye a kan faifai, su ne suka fi shiga haɗari a nan, domin ba ya tambayar ko ka tabbata. Ka duba da lsblk, umarnin da ke jero faifan da ke jone, ka gane filashin ta girmansa, ka rubuta a kan faifan gaba ɗaya, misali /dev/sdb, ba /dev/sdb1 ba. Kuskuren harafi ɗaya, sai ka wayi gari ka shafe faifan kwamfutarka.

Masu kwafe fayilolin Windows da hannu zuwa filashi mai tsarin FAT32 kuwa sukan ci tura, saboda FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, kuma install.wim, babban fayil ɗin da ke cikinsu, yakan zarce haka. Rufus ya san yadda yake bi da wannan. Abin da zai tambaye ka shi ne tsarin rabon faifai, GPT ko MBR, kuma ya danganta da tsarin da ke tayar da kwamfutar: ta zamani mai UEFI, zaɓi GPT, tsohuwa mai BIOS, zaɓi MBR. Windows 11 dai UEFI take nema.

Bayan an rubuta Linux a filashi, Windows kan fito da saƙo cewa sai an yi masa fomat kafin a iya amfani da shi. Kada ka yarda, tsarin ne kawai ba ta iya karantawa. Rufe saƙon, ka sake kunna kwamfutar, ka riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi tun kafin tambarin kamfani ya ɓace: F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP. In filashin bai fito a jerin ba, sauya masa ramin USB kafin ka fara taɓa Secure Boot, tsaron da ke hana kwamfuta tashi da manhajar da ba a amince da ita ba, don Ubuntu da Fedora suna tashi ko yana kunne.