Kula da Boris da Birkin Tirelar Kwana a Daji

Kafin ka ɗaura tirela ka nufi Tiga ko dajin Falgore, ɗaga kowace taya da jak, ka tokare ta sosai, sannan ka juya ta da hannu. Idan ka ji gurnani, ko tayar tana girgiɗi, to boris, wato ƙarfen da ke tsakiyar taya wanda take juyawa a kansa, shi ne ya ci ko notinsa ya saki. Sau ɗaya a shekara, musamman bayan ƙurar hunturu, a cire boris ɗin a wanke da kananzir, a bar shi ya bushe, a cika shi da sabon giris. A ganina gara sabon boris daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da mai tsatsa. Kada giris ya taɓa birki. Bayan tafiyar kilomita 20, tsaya ka kusantar da hannunka ga tsakiyar tayar: zafi mai tsanani alama ce birki yana riƙewa ko boris ya ci.