Darasi Na Bakwai: Haɗa Ƙunshin Aikin Hannu Na Yara Don Sayarwa

Yaran Hausawa sun daɗe suna ƙera abin wasansu da hannunsu. Da kaka, in an gama yankan dawa, maza kan fere kara su haɗa mota da tabarau da keji, mata kuma su naɗa 'yar tsana su yi mata kitso da zare. A ƙauye har gobe ana yi. Amma yaron da ya tashi a gidan haya a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, ina zai ga kara? Ina zai samu yumɓu? Sai ka tarar da shi ya rungume wayar uwarsa tun daga azahar har magariba, uwar kuma tana ta faɗa, ba ta da abin da za ta miƙa masa a madadinta.

A nan sana'ar da za mu koya yau take. Ke za ki tara kayan, ki auna, ki yanka, ki huda, ki zuba su a leda ɗaya tare da takardar da ke nuna yadda ake haɗawa. Yaro ya buɗe, ya zauna, ya ƙarasa da kansa. Kamar mai ƙulla kayan miya ne: ba ita ke yin miyar ba, amma ta hutar da uwar gida zagayen kasuwa. An rubuta darasin ana magana da mata domin su suka fi yawa a ajinmu, amma magidanci ma zai iya, musamman mai gadi ko mai shago da ke da lokutan zama.

Da wanne za ki fara?

Ki fara da iri ɗaya tak. Wannan shawara ce da mutane ba sa son ji, domin idan ido ya buɗe sai a so a yi mota da 'yar tsana da awarwaro da mafici duk a mako guda. Mai goyo da girki da wanki ba ta da wannan sararin. Iri ɗaya, guda 20, ya isa gwaji.

Ana iya yin ƙunshin 'yar tsana da ƙyallayen da teloli ke zubarwa, a haɗa da auduga da zaren saƙa na gashi. Wasu iyaye ba sa son 'yar tsana mai fuska saboda dalilin addini, don haka ki bar fuskar babu zane, wanda ya so ya zana a gidansa. Ana iya yin na awarwaro da duwatsun ado, ko na ƙaramin faifai da kaba wadda aka rina da galura. Mu a nan za mu ɗauki motar kwali, domin kayanta sun fi sauƙin samu, kuma maza da mata duk suna sonta.

Ga abin da ke shiga ƙunshin mota ɗaya: kwali da aka yanka gida 5 (ƙasa, gefe biyu, gaba da rufi), murfin robar lemo guda 4 na taya, tsinken tsire guda 2, bututun shan lemo guda 2 da tsinken zai ratsa ta ciki don taya ta juya, takarda mai launi ta ado, zaren ja, da ɗan ƙullin ƙaro na liƙi.

Kwalin taliya ko na sabulu da masu shago ke tarawa ya wadatar, in dai bai jiƙe ba kuma bai taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko sinadari ba. Ki shinshina kafin ki saya. Murafu kuwa, ki roƙi mai sayar da lemo a unguwa ya riƙa tara miki, ki wanke da sabulu ki shanya. Huda su aikinki ne ke kaɗai. Ki gasa ƙusa a wuta, ki riƙe ta da filaya, ki soka a tsakiyar murfi daidai, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙin roba ba shi da kyau ga ƙirji. In hudar ta karkace, mota za ta riƙa ɗingishi, yaro kuma ya yar da ita. Tsinken tsire ki datse tsininsa, ki goga bakin a siminti har ya dakushe.

Batun abin liƙi yana son a tsaya a kansa. Ƙullun fulawa ko sitacin rogo da aka dafa yana kama kwali sosai, amma kwana kaɗan yake yi ya yi tsami ya fara funfuna, saboda haka ba ya shiga ledar da za ta kwana a shago. Ƙaro ya fi. Namu ne, daga Borno da Yobe da Jigawa ake kawo shi, busasshe ne, ba ya lalacewa da wuri. Ki daka, ki ƙulla cokali ɗaya a 'yar leda, ki rubuta a takarda cewa a jiƙa shi da ruwan ɗumi kaɗan a bar shi ya narke. Gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda ake liƙa takalmi da shi, kada ya kusanci ƙunshin yara ko kaɗan. Yana manne yatsu, in ya shiga ido kuma sai asibiti.

Ran ɗan wani yana hannunki

Wannan sashen ki karanta shi sau biyu. Kayan nan za su shiga gidajen da ba ki sani ba, inda akwai mai rarrafe da ke kai komai baki. Ƙa'idar da masu ƙera kayan wasa ke bi a duniya ita ce, ba a ba yaron da bai kai shekara 3 ba ƙananan abubuwan da za su iya toshe masa maƙogwaro. Gwajin gida mai sauƙi ne: ki ɗauki kwalin da ake naɗe takardar tishu a jikinsa, duk abin da ya wuce ta cikinsa haɗari ne ga ƙaramin yaro. Murfin lemo yana wucewa. Duwatsun ado suna wucewa. Saboda haka a kan kowace leda ki rubuta da manyan baƙi: DAGA SHEKARA 6 ZUWA SAMA. A NISANTA DA JARIRAI. Ki kuma faɗa da baki, domin ba kowace uwa ce za ta karanta ba.

Akwai 'ya'yan itace masu kyan gani da ake sha'awar yin sarƙa da su, alhali dafi ne. Idon zakara, ja mai ɗigon baƙi, yana iya kashe yaro in ya tauna shi, kuma hudawa tana fito da dafin fili. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu su ma haka. Kada ki yi amfani da ragowar fentin gini ko na mota, domin wasu suna ɗauke da dalma. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Can daga ma'adini ta fito, amma dalma dalma ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara ci. Reza da allura mai tsini da ƙaramin batir irin na agogo, babu ɗayansu da ke shiga ƙunshi. In za ki sa kara, ki fere ɓawon ki ba da totuwar da sillen da kika goge, saboda ɓawon kara yana yanka hannu kamar wuƙa.

Inda lokacin zai fito

Kada ki zauna ki haɗa ƙunshi ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan ki koma na biyu. Wannan hanya tana cin yini, ga ɗauko almakashi, ga hura wuta, ga mayarwa. Ki raba aikin kashi-kashi, kowace rana da nata, awa ɗaya ko ƙasa da haka.

A ce Asabar kin je kasuwa kin yi cefane, ki haɗa da sayen kayan a fita guda. Lahadi da yamma, yara sun tafi Islamiyya, ki yanka kwalin mota 20 gaba ɗaya. Ki yanka samfuri ɗaya mai kyau a kwali mai kauri ki adana shi, shi za ki riƙa ɗorawa kina zagayewa da biro, ba sai kin sake awo ba. Litinin, in kin sauke tukunya garwashi bai mutu ba, ki huda murafu 80. Talata tsinke da zare da ƙullin ƙaro. Laraba ki jera kwanoni, kowane kaya da kwanonsa, ki bi layi kina zubawa a leda. In yaro ya kwana da zazzaɓi ko aka yi baƙi, aikin ranar ya jira gobe, babu abin da zai lalace. Wannan shi ne alherin sana'ar ga mai hidima, ba irin awara ko ƙosai ba ce da dole a sayar kafin su huce.

Ki samu bokiti mai murfi ko tsohuwar jaka ki kulle kayan a sama, nesa da ƙananan yara, nesa da gara da laimar damina. Manyan yaranki za su iya taya ki ƙirga murafu huɗu-huɗu, kuma lissafi suke koya ta haka. Amma taimako ne na ɗan lokaci bayan an gama aikin makaranta. Ina roƙonki kada ki ɗora wa 'yarki tire ta shiga gari talla da kayan nan. Bai dace a ce ana haɗa abin da zai zaunar da 'ya'yan wasu a gida, taki kuma tana yawo a titi ba.

Takardar bayani

A nan karatun da kike yi a aji zai biya ki. Takarda ɗaya, hoto 5 ko 6, kowanne da lambarsa, a ƙarƙashinsa kalma biyu ko uku: "Liƙa gefe." "Soka tsinke." "Sa taya." Ki zana da baƙin biro sosai don hoton-kwafi ya fito. A ƙasa ki sa sunan sana'arki da lambar wayarki.

Kafin ki buga 20, ki gwada. Ki ba yaron maƙwabta wanda bai ga lokacin da kike haɗawa ba, ki zauna gefe ki yi shiru. Shirun ne mai wuya, domin bakinki zai so ya gyara masa. Ki lura da inda ya tsaya yana juya kwali yana kallon takarda. Wurin nan ne zanenki bai fito ba, shi za ki gyara.

Lissafi

Farashin da ke ƙasa misali ne kawai don koyon hanya. Ki sa na kasuwarku na yau a gurbinsu.

Kwali ₦500. Sabulun wanke murafu ₦200. Tsinke da bututu ₦400. Ƙaro ₦1,500. Takarda mai launi da zare ₦1,200. Leda ₦600. Hoton-kwafi ₦1,000. Kuɗin adaidaita ₦800. Jimla ₦6,200.

Mata da yawa a nan suke tsayawa, su raba da 20, su ga ₦310, su sayar ₦400 suna murna. Sun manta da kansu. In aikin ya ci miki awa 5, kika sa wa awa ɗaya ₦600, ladanki ₦3,000 ne, kuma yana cikin kuɗin kaya. Jimla ta zama ₦9,200. Sannan a cikin 20 ɗin, ɗaya za ki haɗa don nuni, ɗaya kuma zai iya lalacewa, saura 18. Raba ₦9,200 gida 18, kowane ƙunshi ya tsaya miki a kusan ₦511. In kin sayar ₦700, kuɗin da zai shigo ₦12,600 ne, riba ₦3,400. In mai shago ko dillaliya za ta karɓi ₦100 a kan kowane ɗaya, cire ₦1,800, ribarki ta koma ₦1,600. Yanzu kin san abin da za ki ce in aka taya ₦450: albarka.

Ki sayi littafi mai shafi 40. Hannun dama abin da ya shigo, hannun hagu abin da ya fita, kowanne da kwanan wata. Uwar kuɗi ki ware ta a gwangwani daban, kada ta tafi a magi da gishiri. 'Yan uwa za su ce a ba su bashi. Ki ba wadda kika yarda da ita, amma ki rubuta a gabanta.

Masu saye

Na farko su ne matan da kike haɗuwa da su: gidan suna, gidan biki, 'yan adashe, ajin nan namu. Ki tafi da motar da aka riga aka haɗa, ki ajiye ta a ƙasa yaro ya ja. In kina da babbar waya, ki ɗauki hoton motar a gefen ledarta da hasken rana, ki sa a WhatsApp. Ki nemi izinin iyaye kafin ki sa hoton ɗan kowa.

Makarantun firamare suna da darasin aikin hannu, malamai kuma sukan rasa kayan yi. Ki je wurin shugaban makaranta da samfuri, in ya yarda a ba ki adadin yara da rabin kuɗi tukuna. Kasuwar tana da lokutanta: dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, kwanakin sallah da yara ke da kuɗin barka da sallah, Ranar Yara ta 27 ga Mayu, da 1 ga Oktoba, inda ƙunshin tuta kore-fari-kore ke tafiya. Ki fara shiri mako uku kafin kowanne.

Aikin gida

Ki rubuta sunayen kayan ƙunshin mota guda bakwai ba tare da duba littafi ba. Ki ambaci 'ya'yan itace biyu da ba a sa wa yara, ki faɗi dalili. Sannan ki yi wannan lissafi: kayan ƙunshi 30 sun ci ₦10,500, aiki ya ci awa 7 a kan ₦600, guda 2 ba za a sayar ba. Nawa kowane ɗaya ya tsaya miki?

Ranar darasi mai zuwa kowa ta zo da kwali ɗaya, murafu 4 wankakku, da farashin ƙaro da leda kamar yadda ta tambayo a kasuwarsu. A aji za mu yanka samfurin farko.