Yadda ake shirya bikin kiɗan titi ba tare da an bar ƙungiyar ƙarshe a ƙasa ba

Duk wanda ya zo mini da zancen yana son a rufe titi ɗaya a cikin gari, a tara ƙananan ƙungiyoyin kiɗa su yi wasa kai tsaye, tambaya ɗaya nake fara yi masa: ƙungiya nawa? In ya ce sha biyu, na san inda za a kwana. Ni ma sha biyun na ɗauka a karona na farko, kuma har yau akwai wasu samari huɗu da nake jin nauyin haɗa ido da su. Tun hantsi suka iso, suka zauna a kan akwatunan jitarsu har dare, suka koma gida ba su taɓa ko tsirkiya ɗaya ba. Su ne dalilin wannan rubutu, zan dawo kansu. Neman makaɗa da buga sanarwa kuwa ba zan tsaya a kansu ba. Wanda bai san makaɗan garinsa ba, me ya kai shi shirya musu biki?

Titi da takarda

Titi ake fara zaɓa, sannan rana. Ka guji babbar hanya da duk inda motocin haya ke bi, ka nemi wanda yake buɗe ta baki biyu, in da hali har da lunguna a gefe. Ka je ka tsaya a wurin a irin ranar da irin sa'ar da kake son yin bikin, ka ga su wa ke wucewa, su wa ke sauke kaya, ina rana ke faɗuwa. Kada dandamali ya fuskanci yamma, in ba haka ba makaɗa za su yi wasan la'asar suna runtse ido. In akwai asibiti ko wurin ibada kusa, canza titi kawai, kada ka tsaya jayayya.

Izini daga hukumar birni yake fitowa, kuma galibi sai 'yan sanda da 'yan kwana-kwana sun sa baki. Ni ba na shigar da takarda ƙasa da wata uku kafin ranar. In ta fito, layi biyu za ka karanta sau biyu: sa'ar da za a kashe sauti, da sa'ar da za a buɗe wa motoci hanya. Sababbin shiga kan ɗauka abu ɗaya ne. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce duk lokacin da kake da shi na kwance dandamali da kwashe shinge.

Daga nan sai maƙwabta. Ƙofa-ƙofa za ka bi, da ƙafarka, mako biyu ko uku kafin ranar, ka bar takarda mai ɗauke da sa'ar farawa, sa'ar tashi, da lambar wayar wanda zai ɗaga in an kira. Mutumin da aka gaya wa tun wuri yakan yi ƙorafi a gabanka. Wanda ya farka ya tarar an tare masa ƙofar gareji, hukuma yake kira.

Kuma ka fara da kaɗan. Ranar Kiɗa ta Faransa, wadda ma'aikatar al'adu ta ƙasar ta ƙaddamar a 1982 zamanin minista Jak Lang, ake kuma yin ta kowace 21 ga Yuni, ginshiƙinta shi ne ƙwararru da 'yan koyo su fito titi su yi kiɗa kyauta. A garin Itaka na jihar New York a Amurka, a 2007 aka fara wani bikin da makaɗa ke wasa a barandar gidajen maƙwabta, jama'a na zagayawa daga ƙofa zuwa ƙofa. Ba da katafaren dandamali waɗannan suka yi suna ba. Dandamali ɗaya da titi ɗaya sun ishe ka a shekarar farko.

Lissafin da ya kayar da ni

Ga yadda na yi. An ba ni titi daga ƙarfe 2 na rana zuwa 9 na dare, minti 420 ke nan. Na raba wa ƙungiya 12, kowacce ta tashi da minti 35. A takarda abin gwanin sha'awa. Abin da na manta shi ne ƙungiya ba ta saukowa daga sama da kayanta a haɗe. Sai ta farko ta zare wayoyinta, mai ganguna ya kwance ƙarafunansa, ta biyu ta hau, a nemo wa mai piyano soket, a gane cewa suna da mawaƙa uku alhali makirufo biyu aka tanada, mai jita ya tsaya saita tsirkiya. Ko da kowane canji minti 10 kacal ya ci, canji 11 ne tsakanin ƙungiya 12, wato minti 110. Nawa ma sun fi haka. Kafin ƙarfe 6 mun makara da fiye da awa ɗaya, na fara yanke wa mutane waƙoƙi ina ba su haƙuri. Ƙarfe 9 daidai jami'in da aka turo ya nuna mini agogonsa, kuma gaskiyarsa ce. Haka samarin nan huɗu suka tafi ba su hau ba.

Gyaran shi ne a yi lissafin daga ƙarshe. Ka rubuta sa'ar kashe sauti, ka cire minti 15 ka ɓoye a aljihu, kada ko abokin aikinka ya san da su. Kowace ƙungiya ka rubuta mata lamba biyu: minti 30 na wasa, minti 20 na canji. A awa bakwai, ƙungiya 8 ke shiga: wasa minti 240, canji bakwai minti 140, jimilla 380. Cikin 40 da suka rage, 15 na aljihu ne, sauran ka zuba su wuri ɗaya a tsakiyar rana a matsayin hutu, inda jinkirin da ya taru zai narke. Takwas ɗin nan ita ce iyaka. Za a zo maka da roƙon a saka ƙungiyar ƙanen wane, ko waƙa biyu kawai. Waƙa biyu ma sai an yi mata canji cikakke. Ka ce a bari sai baɗi.

Minti 20 ɗin ma ba ya isa sai an yi abu uku.

Na farko, kayan dandamali na kowa da kowa ne. Jerin ganguna ɗaya, amfilifayar jita ɗaya ko biyu, ta bes (jita mai kaurin sauti) ɗaya, a kafa su tun safe kada a motsa. Mai ganguna ya zo da sandunansa da farantansa na ƙarfe da yake bugawa da ƙaramar gangarsa ta tsakiya, shi ke nan. Za a samu wanda zai rantse ba ya iya wasa sai da nasa jerin. Ka gaya masa a hankali cewa kafa jerin ganguna da jera musu makirufo shi kaɗai yana cinye canjin gaba ɗaya. In mai gangunan bahago ne, ka sani tun kafin ranar, don sai an juya masa kayan, sai ka sa ƙungiyarsa ta buɗe biki ko ta hau bayan hutu. Nan ne wurin da ya kamata kuɗi ya tafi. Gara ka yi hayar ganguna masu kyau ka haƙura da fitilu masu launi, tunda yawancin wasan da rana za a yi shi.

Na biyu, kowace ƙungiya ta aiko da takarda ɗaya mako biyu kafin biki: zanen inda kowa ke tsayawa, da jerin duk abin da za a jona, makirufo nawa na murya, jita nawa, akwai piyano ko babu, akwai mai busa ko babu. Ko da biro aka zana aka ɗauki hoto da waya, ya wadatar. Wanda bai aiko ba, ba ya cikin jadawali, kuma ba na sassautawa a nan. Da waɗannan takardu mai haɗa sauti zai tsara layukansa sau ɗaya, ya manna wa kowace waya suna, ta yadda layi na biyar jita ne tun daga ƙungiyar farko har ta ƙarshe. Da su ne kuma za ka jera ƙungiyoyin: masu kaya iri ɗaya su bi juna, mai jita shi kaɗai ya shiga tsakanin manyan ƙungiyoyi biyu, yana wasa a gaba ana shirya na bayansa.

Na uku, mutum ɗaya ne mai dandamali, kuma ba kai ba ne. Kai za ka kasance can bakin shinge kana rarrashin direban da ke son wucewa. Ka nemo mai agogo a hannu da fuskar da ba a roƙo. Aikinsa ya tara ƙungiya ta gaba a gefen dandamali minti 30 kafin lokacinta, jita a saite, kowa ya riga ya zaga. Yana da kwali biyu, ɗaya an rubuta 5, ɗaya an rubuta 1, yana ɗaga wa mawaƙi. In lokaci ya cika, waƙar da ake ciki ita ce ta ƙarshe, ko jama'a na ihun a ƙara. Ƙungiyar da ta makara wajen hawa, daga nata lokacin ake cirewa, ba daga na mai bi mata ba. Ka rubuta wannan a saƙon gayyata don kada a ce ba a faɗa ba.

Cikakken gwajin sauti na ƙungiyar farko ne kawai. Sauran, a taɓa kowane layi a ji yana fita, a tambayi mawaƙi ko yana jin kansa a lasifikar gabansa, a tafi. Waƙar farko ita ce gwajin. Jawabai kuma babu. In dole mai ɗaukar nauyi sai ya yi magana, a ba shi makirufo lokacin canji, ana aiki a bayansa. Ƙungiyar da ta fi jan jama'a kuwa ni ta biyun ƙarshe nake sa ta, don in wani abu ya faru ba ita za a yanke ba, ita kuma ta ƙarshen ta gaji taron da aka tara.

Sauti, wuta, jama'a

A fili, duk lokacin da nisa daga lasifika ya ninka, ƙarfin sauti na raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Shi ya sa mai son na ƙarshen titi ya ji yakan ƙure ƙara har na gaba su toshe kunne. Ka ɗaga lasifikoki sama da kan mutane, ka karkato su ƙasa kaɗan, su bi tsawon titi maimakon su daki bangon gidaje. In titin dogo ne, a ƙara wasu biyu a tsakiya, amma a ɗan jinkirta sautinsu ya yi daidai da na gaba, tunda sauti na tafiyar mita 343 ne a daƙiƙa, kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa a kowace mita. In ba a yi haka ba, kowace kalma sau biyu za a ji ta. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce kada matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa ya wuce desibel 100 cikin minti 15. A titin da mutane ke zaune, ka tsaya ƙasa da haka sosai.

Wuta aikin mai lantarki ne. Janareta ya yi nisa da dandamali, a yi masa wayar ƙasa, a sa na'urar da ke katse wuta in ta fara zuba. Layin wutar kayan sauti daban, na masu firji da tukunyar lantarki daban, in ba haka ba za ka yi ta jin ƙugi a lasifika. Duk wayar da ta ratsa inda ake tafiya a rufe ta.

Ka bar hanya a gefe ɗaya, tun daga farkon titi har ƙarshe, wadda motar kashe gobara za ta iya bi, kada ko teburi ɗaya ya hau ta. Mashiga da mafita su zama daban. A bikin Love Parade na Duisburg a Jamus a 2010, mutum 21 suka mutu a turmutsutsu a hanyar da masu shiga da masu fita suka haɗu. Mutum biyu a murabba'in mita ɗaya ana sakewa, in an kai biyar an shiga haɗari. Ka sa wani a wuri mai tudu yana kallon taron kawai, da ikon tsayar da kiɗa.

Iska ta fi ruwa haɗari. A 2011 ta kayar da rufin dandamali a bikin baje kolin jihar Indiyana, mutum 7 suka rasu. Kowace rumfa a ɗaure mata nauyi a ƙafa, allunan yadi a sauke su da zarar iska ta taso. In an ji tsawa a dakata, sai an yi minti 30 ba a sake ji ba.

Sauran a gurguje. Ruwan sha, banɗaki, akwatin taimakon gaggawa da wanda ya iya aiki da shi. 'Yan sa-kai su sa riga iri ɗaya. Makaɗa a sallame su a daren, a ambulan, ko abin bai taka kara ya karya ba, a kuma ba su teburin sayar da kayansu. Masu shara ka ware su daban tun farko, waɗanda ba su yi aikin rana ba, don waɗanda suka wuni a tsaye za su ɓace da zarar an kashe sauti. Kafin ka kwanta, karɓi jadawalin mai dandamali, wanda ya rubuta ainihin sa'ar da kowace ƙungiya ta hau da wadda ta sauka, ka ɗauki hotonsa. Da shi za ka yi lissafin baɗi.