Yadda za ka zaga Busua, Butre da Dixcove a ƙafa

Wanda ya tashi a inda ruwa mafi girma shi ne tafki ko kogi, ranar da ya fara ganin teku sai ya tsaya baki buɗe. Haka ni ma na yi a Busua, wani ƙauyen masunta a yankin Yammacin Gana, ƙasar mutanen Ahanta. Tun daga ranar, duk baƙon da ya zo mini daga Kumasi ko Kano sai na kai shi, kuma ba na yarda mu zaga a mota. Wurin nan da ƙafa ake ganinsa.

Daga Takoradi ka hau motar haya, wadda suke kira trotro, zuwa Agona Nkwanta, daga nan ka shiga tasi zuwa Busua. Ka kwana can, domin tafiyar ta sammako ce. Da ka idar da sallar asuba ka ɗauki gorar ruwa da hula, ka sa takalmin kambas. Kada ka fito da silifas. Na taɓa yi, a hawan tudu igiyar ɗaya ta tsinke, na ƙarasa da ƙafa ɗaya a ƙasa.

Ka fara da gabas, wato hanyar Butre, kimanin kilomita 3. Kafin ka tashi ka tambayi masunta yaushe ruwa zai ja baya, don a lokacin ne yashin bakin ruwa yake da tauri, ƙafa ba ta nutsewa. Teku na hannun damanka, itatuwan kwakwa na hagu, ga kuma wani ɗan tsibiri mai suna Abokwa can cikin ruwa. Idan ka ci sa'a za ka tarar ana jan taru: maza da yara a jere riƙe da igiya guda, suna waƙa, kowa ya karkata baya, mata na jira da manyan kwanuka. Ka yi sallama ka kama igiyar, ba mai hana ka. Amma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton kowa sai ka nemi izini.

Inda yashi ya ƙare hanya za ta hau tudu ta ratsa gonakin rogo da ayaba da kwakwar manja. A nan kam ban yarda baƙo ya bi shi kaɗai ba. Hanyar tana rarrabuwa, ga shi ba mutane, saboda haka ka nemi ɗan gari ta hannun masaukinka, ku yi ciniki tun kafin ku tashi.

Da ka gangara Butre, ka hau tudun da ke bisa ƙauyen, inda kangon ginin Batenstein yake. Mutanen Holan ne suka gina shi a 1656, shekarar da suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Ahanta. Hawan gajere ne amma da tsauri, sai ka yi haki. Daga sama kuwa za ka ga komai a shimfiɗe: inda kogin Butre ya shiga teku, gadar katako da ta haye shi, kwalekwale masu fenti ja da shuɗi da tutoci, hayaƙin bandar kifi na tashi tsakanin rufin kwano. Ni a nan nake daɗewa. Nakan zauna kan bangon da saiwar itace ta tsaga, in tuna cewa abotar nan ba ta ƙare lafiya ba: a 1838 mutanen Holan suka kashe sarkin Ahanta, Badu Bonsu na biyu, suka tafi da kansa ƙasarsu, ba a dawo da shi ba sai a 2009. Idan za ka hau, ka hau da sanin wannan.

Ka sauka ka haye gadar, ka sha ruwan ɗanyar kwakwa, ka sa a fasa maka ka kankare na cikin. Mai sauran ƙarfi ya shiga kwalekwale a zaga da shi cikin kogin. Sannan ka juyo kafin rana ta take, don zafin bakin teku mai danshi ne, gumi ba ya bushewa.

Bayan la'asar sai yamma, hanyar Dixcove. Wannan mai sauƙi ce, ba ta wuce rabin sa'a ba: ka haye gadar ƙarshen Busua, ka hau ɗan tudu, sai ga garin a ƙasa, tashar kwalekwalensa cunkus. Farin ginin da ke kan dutse shi ne Metal Cross, wanda Ingilishi suka fara ginawa cikin shekarun 1690. Ya koma hannun Holan a 1868, ya dawo wa Ingila a 1872. An tsare bayi a cikinsa, kuma shi da Batenstein suna cikin gine-ginen bakin tekun Gana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Ka tsaya gefen tsofaffin igwa ka kalli masunta na shirin fita.

Game da lokaci, na fi son Nuwamba zuwa Maris. Daga Mayu zuwa Yuli ruwan sama ya yi yawa, tudun Butre santsi. Idan hada-hadar kifi kake son gani, ka guji Talata, don a yawancin garuruwan bakin tekun Gana ba a fita su ranar. Wanka kuma, in ba ka iya ruwa ba kada ka wuce gwiwa, ruwan teku yana ja ta ƙasa. Ka bar Dixcove tun da sauran haske, domin nan da rana ta faɗi wajen ƙarfe 6 duhu ya rufe, hanyar tudun kuwa ba fitila.